Kafaɗarka da Wasanni Ukun da Ba a Lissafawa

Guangzhou,
ranar Asabar.

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Abba.

Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah Ya sauke ka lafiya, Ya tsare ka a sama da ƙasa, Ya haɗa ka da mutanen kirki a inda za ka. Na ba uwarka wannan takarda ta sa maka a jakar hannu kusa da fasfo, don na san nan ne kawai hannunka zai kai kafin jirgi ya tashi. Labarin gida ba ni da wanda zan ba ka, yau ka fita daga cikinsa. Magana ɗaya ce, kuma sati biyun nan da ka yi tare da mu na kasa yi maka ita baki da baki.

Kafaɗarka ta dama ba ta da lafiya.

Kada ka ɓata lokaci kana neman wanda ya gaya mini, ba wanda ya gaya mini. Ranar Talata da na ce ka shige gaba ka ja mu la'asar a falo, ina bayanka. Da ka yi kabbara hannun hagu ya kai kunne, na dama ya tsaya a ƙirji. Da ka tafi sujada kuma hagun ka fara dafawa, ka sakar mata nauyinka duka. Raka'a huɗu ina kallon ka maimakon in kula da abin da ya tsayar da ni, Allah Ya yafe mini. Da muka sallame na ce yaya jiki, ka ce, "Lafiya ƙalau, Baba." Na ce madalla. Kai ka ɓoye, ni kuma na taya ka.

Ga yadda na fahimci halin da kake ciki, in na kuskure ka gyara mini. Ƙungiyar ƙwallon Amurkan da ta kira ka ba ta ɗauke ka ba tukuna. Ku kusan casa'in ne za ku shiga sansanin horo, hamsin da uku za a bari. Kafin a buɗe kakar wasa akwai wasanni uku na share fage, waɗanda ba a lissafa wanda ya ci da wanda aka ci, manyan 'yan wasa ma daga benci suke kallon su. Ranar Lahadi na ji ka a kicin kana ce wa uwarka, "Umma, wasa uku ne kawai, kuma na banza ne. In na daure na wuce su, sunana ya shiga takarda, shi ke nan." A lokacin ban gane me za ka daure ba. Sai ranar Talata na gane.

Ni wasan nan naku har yau ban gama fahimtar sa ba. Ƙwallo kamar gwanda, ƙarti sun sa hular kwano suna karo da juna, a yi gudun daƙiƙa biyar a tsaya a yi shawara. Tun kana sakandare a garin nan kana bin 'yan China da Turawa fili ranar Asabar, har ka tafi jami'a a Amurka, kallo kawai nake yi ina gyaɗa kai. Amma gwaji na san shi, da shi nake cin abinci sama da shekara ashirin. Sau uku ina wasa da gwaji yana cin mutuncina, kuma su zan ba ka yanzu, ba don suna da daɗin faɗa ba.

Na farko, shekarata ta biyu da zuwa, kana Kano kana koyon tafiya. Na samu wata mata mai masana'antar wandon jins a Xintang, gajera, ba ta dariya. Lawban muke ce mata, yadda ake kiran duk mai wuri a nan. Na nuna mata irin wandon da nake so, bayan kwana biyar ta miƙo mini samfur guda ɗaya. Ta bakin tafintarta ta ce, "Ka sa shi a jikinka. Ka yi gumi a ciki. Ka wanke shi. Bayan kwana uku ka dawo ka gaya mini."

Wandon nan ya yi kyau, wallahi ya yi kyau. Shuɗin ya zauna, ɗinkin kamar da rula aka ja shi. Na ga in na jefa shi a ruwa na ɓata abu. Sai na bar shi a ledarsa, na yi ta yawo da shi a kasuwar Baima ina nuna wa 'yan Kano, suna shafawa suna cewa, "Kai, Sani, ka dace." Rana ta uku na koma. Ta ce akwai matsala? Na ce, "Meyo," wato babu, ina jin daɗin na iya kalmarsu. Aka ɗinka cikin kwantena.

Kayan suka isa Kano a tsakiyar bazara. Ba a yi sati biyu ba baffanka Garba ya kira ni daga shago. "Yaya, wane irin wando ka aiko mana? Ga mutum nan tsaye a gabana, farar rigarsa ta koma shuɗiya daga ƙugu zuwa ƙasa. Ya ce har cinyarsa ta rine, wai in ban yarda ba zai nuna mini!" Rinin bai kama ba. Gumi kaɗan, sai ya bi riga, ya bi kujerar mota, ya bi dardumar masallaci.

Na hau mota na tafi Xintang da faɗa a bakina. Matar nan ta bar ni na gama, sannan ta ce ina samfurin? Na ciro shi daga jaka, takardarsa ma ban cire ba. Ta sa aka kawo bokiti, ta tsoma shi da hannunta, ta ɗan murza. Ruwan ya koma kamar na marina. Ta ce, "Da ka yi wannan, wanki ɗaya za mu ƙara masa. Aikin kwana biyu." Ta share hannu a gaban rigarta ta koma bakin aikinta, ta bar ni da bokiti.

To, Abba, samfur ba don a yaba shi ake yin sa ba. Ana yin sa ne don a wulaƙanta shi tun yana guda ɗaya. Waɗannan wasannin da ka kira na banza, amfaninsu ke nan: su ne kaɗai wurin da aibi zai fito bai ci kowa ba. Koci yana so ya ga inda za ka karkace tun ba a fara lissafi ba, likitansu yana so ya san abin da ke jikinka tun akwai lokacin gyara. Wanda ya ɓoye aibinsa ya wuce wurin, bai tsira ba. Ya dai kai shi inda zai fito gaban jama'a, ranar da ake lissafi.

Na biyu ya fi wannan ƙanƙanta, ya kuma fi shi daɗewa yana bi na. Akwai wani dattijo ɗan Maraɗi, Alhaji Isuhu, wanda ke zuwa sau biyu a shekara. Kowa ya san shi, in ya sauka masu masana'anta ne ke zuwa gaishe shi a otal. Wata rana bayan azahar ya kira ni gefe, ya ciro maɓalli ɗaya da zif ɗaya daga aljihu ya ce, "Bon, Malam Sani, ka samo mini irin wanga, dozin goma-goma, ka kawo mini gobe. Ƙaramin abu ne, ka yi haƙuri."

Na karɓa da hannu biyu, amma raina ya ɓaci. Ni da nake loda kwantena, ni za a aika sayen maɓalli? A lokacin kaina ya fara girma. Ban je ko'ina ba. Na buga waya wani shago a Liwan na kwatanta musu da baki, suka ƙulla suka aiko, na kai masa ko kwancewa ban yi ba. Ya kwance a gabana. Maɓallan sun fi nasa girma, zif ɗin rabi baƙi rabi ruwan ƙasa. Ya juya su a tafin hannunsa, ya ce, "Lahiya lau. Na gode, Allah Shi yi albarka." Har ƙofa ya rako ni.

Bai sake kira na ba. Muna haɗuwa a masallaci, mu gaisa da fara'a, shi ke nan. Sai bayan shekara huɗu wani ɗan Yamai, muna cin abinci, ya ce mini, "Ai kai ne na maɓalli." Na ce wane maɓalli? Ashe tsohon ya gaji da tafiya ne, yana neman wanda zai riƙe masa duk sayayyarsa ta China, ya ba mutum uku wannan aiken. Ɗaya ya yi wuni guda yana bin shaguna da ƙafa har ya samo daidai, shi aka ba. Ni kuwa labarina ya zaga mutanen Maraɗi da na Yamai kaf, mutanen da ban taɓa yin hulɗa da su ba sun san ni da raina ƙaramin aiki. Ba wanda ya zage ni, ba kuma wanda ya kawo mini aiki.

Ka ce mini a wasannin nan ba lallai su sa ka a gurbinka ba. Wataƙila cikin masu bin ƙwallo a guje in an bugo ta za su jefa ka, kuma can ƙarshen wasa, lokacin da 'yan kallo suka fara neman motocinsu. Ka yi shi kamar shi aka haife ka ka yi. Kai da bakinka ka gaya mini bidiyon kowane wasa yana zuwa wa duk sauran ƙungiyoyi, suna zama su kalle shi mutum-mutum. To ka san ba koci ɗaya kake yi wa wasa ba. Amma ga inda nake so ka tsaya ka yi tunani. Mai kallon bidiyo ba ya ganin ciwo, kasawa yake gani. In ka shiga da hannu ɗaya da rabi, mutum ya zo ya ture ka ya wuce, ba wanda zai rubuta cewa kafaɗa ce. Za a rubuta ba ka iyawa. Wannan rubutun zai riga ka isa duk ƙofar da za ka ƙwanƙwasa nan gaba, kuma ba za a gaya maka ba.

Na uku ban taɓa ba kowa shi cikakke ba, uwarka ma rabinsa ta sani. Ka tashi ka ga idona na hagu ba ya gani. Ka ga ina juya kai gaba ɗaya in an yi magana ta wannan ɓangaren, kai da ƙannenka har kwaikwayo na kuke yi kuna zaton ban sani ba. Abin da aka gaya muku shi ne ciwo ne daga Allah. Daga Allah ne, amma da hannuna a ciki.

Shekarar da na ɗauko ku daga Kano abin ya fara. Aikina duka a lokacin duba kaya ne, na baffanka da na wasu mutum uku. Sai na lura gefen ganina na hagu yana dushewa. In yi tuntuɓe da kwali, in wuce ɗinki karkatacce ban gan shi ba. Na san akwai abu, ba yaro ba ne ni. Amma na lissafa: in na faɗa, Garba zai ce in dawo gida a turo wani, ga shi kun fara makaranta, uwarka ta fara sabawa da gari. Sai na koyi dabaru. In juya wando ta dama, in kai shi bakin taga, in tambayi mai masana'anta yaya ya gani, kamar ina gwada shi ne alhali nema nake.

Lawban ce ta fara kama ni, don na ci gaba da aiki da ita bayan waccan rigima. Wata rana na miƙa hannu zan ɗauki almakashi na kuskure shi. Ta dube ni, ta nuna idonta da yatsa, ta nuna ni, ta faɗi kalmar asibiti. Na yi dariya na ce meyo. Ta yi wata magana a taƙaice, tafinta ta yi jim kafin ta fassara: "Ta ce har yanzu ba ka wanke wando."

Kusan shekara biyu na yi a haka. Ranar da abin ya ƙare, ina tsallaka titi da rana tsaka mai babur ɗin lantarki ya kwashe ni ta hagu, ban gan shi ba sam sai da na ji ni a ƙasa. A asibiti, bayan an ɗaure mini gwiwa, aka tura ni wurin likitan ido. Ya duba ya duba, ya ce hawan jinin ido ne. Ya ce tun yaushe? Na ce wata biyu. Dubi halin mutum, har a kan kujerar likita ban daina ba. Ya ajiye fitilarsa ya ce ba wata biyu ba ne. Ya ce da na zo da wuri, maganin ɗigawa safe da yamma ne zai tsayar da shi. Na dama za a iya riƙe shi. Na hagu, abin da ya tafi ya tafi.

Da na gaya wa baffanka, sai ya ce, "Haba Yaya! Haba! Yanzu saboda wando?" Bai ce in dawo gida ba. Cewa ya yi in riƙa tafiya da uwarka duba kaya, kuma ka san yadda ta kasance: ta fi ni gani, ta fi ni faɗa, masu masana'anta in sun hango ta sai su fara gyara tsayuwa. Abin da na ba da ido don in kauce masa bai ma zo ba.

Ba zan yaudare ka in ce kai ma haka za ta kasance ba. Baffanka ɗan'uwana ne, waɗancan ba 'yan'uwanka ba ne. Na yi tambaya, na san in ka faɗa za su iya jinyar ka su jira ka, za su kuma iya miƙa maka jakarka a ranar, wani ya shiga gurbinka kafin ka kai filin jirgi. Na san shekara nawa ka yi kana neman wannan ƙofa. Za ka ce ban san yadda abin yake can ba, kuma gaskiyarka, ban sani ba. Abin da na sani shi ne kafaɗar da ke ciwo a sallah, inda ba mai taɓa ka, ba za ta ji daɗin haɗuwa da ƙaton da ya taho a guje ba. Yau wataƙila hutun sati shida take nema. Bayan wasa uku ban san me za ta nema ba, kai ma ba ka sani ba. Shekararka ashirin da uku. Da hannun nan za ka ci abinci, da shi za ka gaisa da mutane, da shi za ka ɗauki 'ya'yanka in Allah Ya ba ka.

Saboda haka ga shawarata, kuma umarni ne in har ina da sauran iko a kanka. Ranar da ka isa, kafin ka sa hular kwano, kafin wasan farko, ka nemi likitan ƙungiya ka gaya masa. Ka gaya masa ranar da abin ya fara, ta gaskiya, kada ka rage masa ko sati ɗaya. Ka ɗaga hannun a gabansa ya ga inda yake tsayawa. In ya ce ka buga, ka buga da duk ƙarfinka. In ya ce ka zauna, ka zauna, kada ka bi ta bayansa ka roƙi koci. Kuma kada wani abokin ɗaki ya ba ka ƙwayar kashe zafi ya ce kowa haka yake yi. Ciwon yana nan, jin sa kawai za ka daina.

Saura abu ɗaya, shi ne mafi nauyi a bakina. Na zauna na tambayi kaina me ya sa yaro mai hankali irinka zai ɓoye wannan, amsar ba ta yi mini daɗi ba. Tun ranar da aka kira ka nake cika baki. Duk Juma'a bayan an sallame, inda 'yan kasuwa ke tsayawa cin gurasa da tsire, sai in ciro waya in nuna hotonka. Ban ce gwaji za ka ba. Cewa na yi an ɗauke ka, an gama. Har suna suka sa mini, Baban Ɗan Ƙwallo, ina amsawa. Juma'ar makon jiya na tafi da kai, suka kewaye ka, wannan ya ce sai ya gan ka a talabijin, wancan ya ce ka fitar da mu kunya, kana tsaye kana murmushi. Na ga lokacin da ka dube ni. Ka ji abin da na gaya musu, ba ka ƙaryata ni ba. Ni na ɗora maka wannan kaya, kuma na ji kunya da na gane.

Jiya Juma'a, kana gida kana haɗa jaka, na je na sauke shi. Na bari sai da aka taru sosai, na ce, "Jama'a, ku saurara, akwai gyara a maganata. Yaron nan ba a ɗauke shi ba. Gwaji za shi, su casa'in ne, kuma yana iya dawowa wata mai zuwa hannu rabbana. Ni na ƙara gishiri." Sai Alhaji Bala, mai kayan takalma, wanda ka san bakinsa, ya ce, "Af! Ashe duk hoton nan da muka sha kallo na ɗan gwaji ne? To Sani, a dawo mana da tsiren da muka saya maka na murna!" Aka fashe da dariya. Wasu sun yi ta da daɗi, wasu na ga har da jin daɗin na faɗo. Na tsaya na shanye ta duka, ban bar wurin ba sai da kowa ya gama. Wani dattijo ya ce Allah Ya zaɓa masa mafi alheri, aka ce amin, aka koma maganar kuɗin jirgin ruwa.

Ka ga ke nan ba sauran abin da za ka kare. Kunyar da kake shirin ba da kafaɗarka don kada in ji, na riga na ji ta jiya, a gaban kowa, na dawo gida na ci tuwo.

Tsoro nake ji, Abba. Ban saba gaya maka irin wannan ba, amma gara ka sani.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya ba ka ƙarfin zuciyar buɗe baki a gaban likitan nan, Ya ba kafaɗarka sauƙi, Ya tsare maka kai da wuya da gwiwa, Ya kiyaye maka sallarka a inda ba mai tuna maka. Uwarka da ƙannenka suna gaishe ka. In sun riƙe ka, alhamdu lillahi. In sun sallame ka, kada ka tsaya neman yadda za ka faɗa mini. Ka turo lambar jirgi kawai, ni da kaina zan zo in ɗauki jakar.

Wassalam.

Mahaifinka,
Sani